Gasasshiyar gahawa a Jos: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Ɗan Rikkos:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka jima suna haɗa gahawa a gida. Ni dai wadda na sani tun tasowata ita ce ta gwangwani da ta ƙunshin leda, wadda mai shayi ke barbaɗawa a ruwan zafi ta narke, sai kwanakin baya da aiki ya kai ni Abuja aka ba ni wata da aka niƙa a gabana aka tace da takarda. Babu madara, babu sukari, amma ba ta da ɗacin nan mai kama maƙogwaro, kuma tun daga lokacin nake son in riƙa haɗa irinta da kaina.

Inda na tsaya shi ne wajen saye. Akwai masu gasawa a Abuja da Legas da suke aikowa ta mota, akwai kuma 'yan kaɗan a nan Jos, kowa yana cewa tasa ce ta musamman. A jikin jakar za ka ga sunan ƙasa, da tudun gonar da aka noma ta, da yadda aka sarrafa ta, da sunayen 'ya'yan itatuwa, wani lokaci har da maki, farashin kuwa ya yi wa na kanti nisa. Me ya kamata in duba kafin in biya? Akwai hanyar da mutum zai ɗanɗana ya gane mai kyau ba tare da ya je an koya masa ba? Ba ni da abin niƙa tukuna, shin in bari su niƙa mini? Sannan ina jin ana maganar gahawar Mambila da ta nan Filato, ko ta kai a saya?

Dattijon Rayfield:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da za ka fara nema a jikin jaka shi ne ranar da aka gasa ta, kuma duk mai sayarwar da ya kasa faɗa maka wannan rana, ka yi masa godiya ka wuce. Ranar ƙarewar wa'adi da ake bugawa a jakunkunan kanti ba ta da amfani a wannan magana, domin kamfanoni kan ba da shekara ɗaya ko biyu, kuma gahawar da ta shafe watanni tsakanin jirgin ruwa da sito da kanti ba za ta cutar da kai ba, sai dai ƙamshin da ka biya kuɗi dominsa ya riga ya gudu. Lamarinta lamarin soyayyar gyaɗa ne: wadda ta kwana biyu da wadda ta yi wata uku a kwalba duk gyaɗa ce, amma baki ya san bambancinsu.

Dalilin kuwa shi ne wuta tana tara iskar kabon dayoksaid a cikin ƙwayar yayin gashi, iskar ta ci gaba da fita a hankali bayan an sauke, tana tafiya da wani ɓangare na ƙamshin, ita kuma iskar waje tana shiga tana tsufar da man da ke ciki. Shi ya sa jakunkuna masu kyau suke da ɗan maɓalli mai huji a gaba, wanda yake barin iskar ciki ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Sai dai kada ka ɗauka wadda aka sauke yau ita ce ta fi daɗi. A kwanakin farko iskar tana da yawa har takan hana ruwa ratsa garin yadda ya kamata, saboda haka an fi jin daɗinta idan ta huta kwana 5 zuwa 10, daga nan kuma tana kan ganiyarta har zuwa mako huɗu ko shida. Ke nan kwana ɗaya ko biyu da saƙo zai yi daga Abuja ta Keffi da Akwanga ba asara ba ce.

Game da niƙa, ra'ayina a fili yake: ka sayi abin niƙa kafin ka sayi gahawa mai tsada. Da zarar an farfasa ƙwayar, iska ta samu hanyar shiga ko'ina, abin da zai ɗauki makonni sai ya faru a 'yan kwanaki. Ka nemi na hannu, wanda yake murƙushe ƙwayar tsakanin haƙoran ƙarfe biyu da ake iya matsewa ko sassautawa, ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta. Bilenda ba ta niƙa, sara take yi, sai ka samu ƙura da tsaki a haɗe, ƙurar ta ba ka ɗaci, tsakin ya ba ka tsami, duk a kofi ɗaya. Injin niƙa na unguwa kuwa kada ma ka fara, sai dai in kana sha'awar gahawa mai ƙamshin barkono da daddawa.

Makin da ka gani ya samo asali ne daga tsarin ƙungiyar masu harkar gahawa ta Specialty Coffee Association, inda ƙwararrun masu ɗanɗano ke auna gahawa bisa maki 100, wadda ta kai 80 ita ake kira ta musamman. Akan kuma tsince samfurin giram 350 na ɗanyar ƙwaya, ba a yarda a samu babban aibi ko ɗaya ba, irin su baƙar ƙwaya ko wadda ta yi yami, ƙananan aibobi kuma kada su wuce biyar. Amma ka lura, ɗanyar ƙwayar aka yi wa wannan hukunci. Makin bai shafi hannun mai gasawa ba, bai shafi tsawon zaman da buhun ya yi a ɗaki ba, kuma babu wanda ya hana kowa buga lamba a jikin jaka. Na fi amincewa da idona. Ka ce a zuba maka 'yan kaɗan a tafin hannu: launinsu ya zama ɗaya, kada ka ga fasassu da masu hujin ƙwaro, kada ka ga farare-farare a tsakani, domin waɗannan ba su nuna ba aka tsinko su. Idan kuma ƙwayar ta yi baƙi ƙirin tana ƙyallin mai, an kai ta ƙarshen gashi, kuma a wannan mataki ta Habasha da ta Barazil duk ƙauri ɗaya suke yi, bai kamata ka biya kuɗin sunan ƙasa ba.

Ka tsaya a jakar giram 250. Idan kana zuba giram 15 a kowane kofi, kofi 16 ke nan, za ta ƙare kafin ta tsufa, kuma da wannan lissafi za ka raba farashin ka san nawa kofi ɗaya yake tsaya maka.

Uwargida daga Bukuru:

Barkanku da war haka. Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa zan saɓa masa a wuri ɗaya. Idan kuɗin abin niƙa bai samu ba tukuna, Malam, ba laifi ka sa a niƙa maka kaɗan, kamar giram 100, ka faɗa musu abin da za ka haɗa da shi domin su san laushin da ya dace, ka shanye cikin mako ɗaya. Ba za ta kai wadda ka niƙa da hannunka ba, amma ta fi ta gwangwani nesa ba kusa ba, kuma da ita za ka gane ko wannan sha'awa mai ɗorewa ce kafin ka kashe kuɗi a kan kayan aiki.

Tambayarka ta ɗanɗano ita ta fi jan hankalina. Harshe ba ya iya hukunta gahawa ɗaya ita kaɗai, sai an jera masa biyu ko uku. Masu gasawa da yawa sukan yarda su sayar da kaɗan-kaɗan, wasu ma sukan haɗa maka a shagonsu in ka roƙa, kuma yadda ƙwararru suke gwadawa abu ne da za ka iya a kicin. Ma'auninsu giram 8.25 ne a mililita 150 na ruwa, wato kusan giram 11 a kofi mai cin mililita 200. Ka samu kofuna iri ɗaya, ka niƙa kowace ɓarje-ɓarje, ka fara sansana garin a bushe, sannan ka zuba tafasasshen ruwa har baki ka bar shi minti huɗu ba tare da ka motsa ba. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Ka sunkuya ka fasa ɓawon da bayan cokali hancinka yana kusa, domin a wannan lokacin ne ƙamshin yake fitowa gaba ɗaya, sannan ka kwashe kumfar ka zubar. Bayan kamar minti goma da zuba ruwan sai ka ɗebo da cokali ka zuƙa da ƙarfi, har da ƙara, yadda za ta watsu a duk bakinka. Yara za su yi maka dariya, kada ka damu. Ka wanke cokalin tsakanin kofi da kofi, kuma kada ka yi wannan gwaji bayan cin yaji ko goro.

Babban sirrin shi ne ka ci gaba da kurɓa tana hucewa. Zafi yana rufa wa gahawa asiri. Mai kyau takan ƙara zaƙi idan ta yi ɗumi, har bayan ta huce ana iya shanta, marar kyau kuwa a nan take bayyana ɗacinta da baurinta, ko warin tsohon buhu, ko na ƙasa.

Sunayen 'ya'yan itatuwan da ke jikin jaka ba wani abu aka zuba ba, kwatancen abin da mai ɗanɗano ya ji ne, kuma yawanci yana bin ƙasar da yadda aka sarrafa. Wadda aka ɓare aka wanke kafin a shanya takan fito da ɗanɗano mai tsabta da ɗan tsami mai daɗi, irin su ta Yirgacheffe a Habasha mai ƙamshin fure da lemo. Wadda aka shanya da ɓawonta har ta bushe takan fi zaƙi da nauyi a baki, wata har takan tuna maka da sitiroberin da ake nomawa a wajen Vom. Ta Kenya tsaminta ya fi ƙarfi, ni zoɓo nake ji a cikinta, ta Barazil kuwa ba ta cika tsami ba, ta fi karkata ga cakulan.

A nan ya kamata ka yi wa kanka gaskiya. Idan ba za ka iya rabuwa da madara da sukari ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, ka sayi mai matsakaicin gashi daga Barazil ko makamanciyarta, domin madara tana binne ƙamshin furen da ya sa ta Habasha tsada. Na ga mutane da dama sun sayi mai ɗan gashi saboda an yaba ta, suka ji tsami suka ce an cuce su, alhali ba a tambaye su yadda suke shan gahawarsu ba ne.

Ɗan Gembu mazaunin Farin Gada:

Assalamu alaikum. Ni zan tsaya a kan tambayar ƙarshe, tun da a Mambila na girma. Amsata ita ce ta kai a saya, amma sai an bi ta da tambaya.

Gahawar da duniya ke sha iri biyu ce mafi yawa. Arabika tana son tudu da sanyi, daga kamar mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, ita ce mai ƙamshi da zaƙi. Robusta tana jure zafin kwari, ta fi ɗaci, sinadarin kafin ɗinta mai hana barci ya kusa ninka na arabika, kuma ita ce aka fi yin ta gwangwani da ita. Tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba ya haura mita 1,500 a wurare da yawa, Jos kuma tana kan kusan mita 1,200, saboda haka ƙasar da yanayin duk sun dace da arabika. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda gahawa da shayi suke cikin aikinta, tana da reshe a Kusuku a can Mambila.

Inda muke samun rauni shi ne daga tsinka zuwa buhu. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna lokaci ɗaya a reshe, mai neman inganci sai ya riƙa komawa gona yana tsinkar jajaye kaɗai, manomin da ɗan kasuwa zai biya shi kuɗi ɗaya ko ya tsince ko bai tsince ba kuwa, zage reshen yake yi gaba ɗaya, ɗanye da nunanne. Ban ga laifinsa ba. Bayan haka akwai shanya. Wadda aka baza a ƙasa tana ɗaukar warin ƙasa, wadda aka kwashe ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, domin abin da ake so shi ne danshin ƙwayar ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Sannan buhun da aka jingina kusa da takin zamani ko jarkar fetur ya gama lalacewa, ko wane gwani ne zai gasa shi.

Saboda haka idan mai sayarwa ya ce maka tasa ta Mambila ce ko ta Filato, ka tambaye shi ƙauyen, da kakar da aka girbe ta, da yadda aka shanya ta. Wanda yake hulɗa da manoma kai tsaye ba zai yi inda-inda ba, wataƙila ma ya nuna maka hoton gadajen shanya a wayarsa. Ka kuma duba ƙwayar, domin ana samun mai gauraya ta da robusta ta kudu: arabika doguwa ce kaɗan, tsagar tsakiyarta a lanƙwashe take, robusta kuma ta fi ƙanƙanta da zagaye, tsagarta a miƙe.

Ba zan ce maka ta gida ta kamo ta Habasha ba, domin su sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni. Amma wadda aka tsince da kyau aka gasa a nan Jos makon jiya, ba da dala aka sayo ta ba, kuma a ganina ta fi baƙuwar da ta tsufa a hanya. A gwajin da Hajiya ta kwatanta, ka sa ta gida a kofi ɗaya, ka rufe sunayen, ka bar harshenka ya zaɓa.

Ɗan Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu abin niƙa na hannu da ƙaramin sikeli, na kuma karɓi ƙananan jakunkuna biyu masu ranar gashi, ɗaya wankakkiya ta Habasha, ɗaya ta Mambila. A gwajin cokali duka biyun sun yi mini daɗi, ta Mambilan ma ta fi nauyi a baki. Amma idan na tace ta Habashan da mazurari da takarda sai ta fito tsararo da tsami mai kaifi, ba kamar yadda na ji ta a cokali ba. Baba, ko ruwan ne? Da ruwan bohol ɗin gidanmu nake amfani, kuma nakan bar shi ya ɗan huce bayan ya tafasa kamar yadda na ga ana cewa. Sannan ina ya fi dacewa in ajiye jakar, a firji ko a waje?

Dattijon Rayfield:

Tun da ta yi daɗi a cokali, ɗana, gahawar ba ta da laifi, ruwan ne bai gama kwaso abin da ke cikin garin ba. Tsami shi yake fara fita, zaƙi ya biyo baya, ɗaci ya zo ƙarshe, saboda haka tsami mai kaifi a kofi tsararo alama ce ta cewa aikin ya tsaya a rabin hanya.

Ka fara da daina jiran ruwan ya huce. Wannan shawara ta mutanen bakin teku ce, inda ruwa ke tafasa a digiri 100. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, a nan Jos ruwanmu a wajen digiri 96 yake tafasa, kuma abin da ake so tsakanin 90 ne da 96. Idan ka ƙara masa jira, ga sanyin safiyar Jos, ga mazurari mai sanyi, ya sauka ƙasa da abin da gahawa mai ɗan gashi take buƙata. Ka jiƙa takardar da ruwan zafi tukuna ka zubar, wannan zai ɗumama mazurarin ya kuma wanke warin takarda. Sannan giram 15 na gari, ruwa giram 250 a kan sikeli. Ka fara zuba kamar giram 40 ka jira daƙiƙa 30 zuwa 45 garin ya kumbura iskar ta fita, sauran ka zuba a hankali kana zagayawa. Duka aikin ya ɗauki kusan minti uku. Idan ruwan ya zurare cikin minti biyu, niƙan ya yi tsaki da yawa, ka matse haƙoran mataki ɗaya ko biyu. Idan gobe ka ji ɗaci da bauri, ka wuce gona, sai ka sassauta. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane karo, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Ban zargi bohol ɗinka ba, domin ruwa mai yawan ma'adinai danne tsami yake yi ya bar gahawa lami, ba ya ƙara shi. Idan dai kana ganin farin abu yana daskarewa a gindin buta, ka gwada ruwan gora sau ɗaya ka kwatanta. Ruwan famfo mai warin kulorin kuwa a tace shi tukuna.

Firji ba wurinta ba ne. Gahawa tana zuƙar warin duk abin da ke kusa da ita, kuma duk fitar da za ka yi da jakar sai raɓa ta kwanta a kan ƙwayar. Firiza tana riƙe ta watanni idan an raba ta ƙunshi-ƙunshi an toshe iska, amma da sharaɗin wuta ba ta yankewa, wanda ni dai ban ga gidan da zai yi maka wannan alkawari ba sai mai sola. Ka bar ta a jakarta, ka matse iskar ka rufe, ka sa a kabad nesa da murhu da rana da kayan yaji. Da damina ka ƙara kula da rufewar saboda danshi. Da hunturu kuma za ka ga garin yana manne wa jikin abin niƙa yana tashi saboda bushewar iska, maganinsa ka tsoma bakin cokali a ruwa ka juya ƙwayar da shi kafin ka niƙa, ɗigo ɗaya ya isa.